Gidan haya a Saudiyya: yadda za ka kai ƙorafi kan gyara da kuɗaɗen da ake ɗora maka har a saurare ka

Wata uku cur na yi ina gaisawa da mai gadin imararmu, wato benen hayar da muke zaune, a Jidda a kan magana ɗaya. Ruwa ne ke ɗiga daga rufin kicin, yana fitowa daga banɗakin maƙwabcina na sama. Kullum na tare shi a bakin ƙofa sai ya dafa ƙirji ya ce "bukra in sha Allah", wato gobe. Goben nan ba ta zo ba har fenti ya ɓare, ɓarɓashin rufi ya fara faɗawa cikin tukunyar uwargida. Da na gaji sai na kira mai gyaran famfo na biya daga aljihuna, sannan na ɗauki ƙafa na tafi ofishin da ke kula da ginin don a mayar mini da kuɗina. Wanda na tarar a kan tebur bai yi mini gardama ba ko kaɗan. Tambaya biyu ya yi mini: yaushe ka sanar da mu, kuma ina takardar kuɗin da ka biya? Ba ni da amsar ko ɗaya. Duk maganata da mai gadi na yi ta, shi kuma mai gyaran ko ƙyallen takarda ban karɓa daga hannunsa ba. Na fito ina jin haushin kaina fiye da nasu.

Mun saba da hayar amana. A unguwannin da mutanenmu suka daɗe, irin su Karantina da Sabil da Gulail a Jidda, ko Shara Mansur da Jarwal a Makka, mai gida mutum ne da ka sani, kuna haɗuwa a masallaci, in famfo ya lalace ka faɗa masa bayan sallar la'asar. Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya watsa jama'a da yawa zuwa manyan gine-ginen da ba a ganin mai su, sai ofis da lambar waya da mai gadi, wanda ake ce wa haris. A irin wannan gida kunya da kawaici ba sa gyara rufi. Nauyin ƙorafinka daidai yake da nauyin takardar da ke hannunka.

Mataki na farko: buɗe takardarka kafin ka buɗe bakinka

Abu biyu za ka duba. Shin yarjejeniyar hayar, wadda ake kira aƙad, tana cikin Ejar? Kuma sunan wa ke kanta?

Ejar dandali ne na gwamnati da aka buɗe a 2018 don rajistar haya, yanzu yana ƙarƙashin hukumar kula da harkar gidaje da filaye, Hai'atul Aƙar. Majalisar ministoci ta yanke cewa hayar da ba a yi wa rajista a can ba, ba ta da ƙarfi a gaban hukuma ko kotu. Saboda haka takardar nan da dillali ya cike da biro ya danna mata hatimi, komai kyan hatimin, ba za ta raka ka ko'ina ba. Shiga Ejar ta hanyar Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mai shiga, ka sauke aƙad ɗin a wayarka, ka karanta shi layi-layi. In Larabcinka na kasuwa ne kawai, nemi ɗalibi ya zauna da kai. Ka lura da jimillar haya da kashi nawa za a biya ta, ranar farawa da ranar ƙarewa, lambar mitar wuta, yadda aka rubuta lissafin ruwa, kuɗin ajiya, da duk wata hidima da aka yanka wa kuɗi.

In ka duba ba ka ga komai ba, to ba a yi rajista ba ke nan. Ƙa'idojin da suka fito ranar 25 ga Satumba 2025 sun wajabta wa mai gida yin rajistar, sun kuma ba ɗan haya damar neman a yi ta da kansa, ɗaya ɓangaren yana da kwana 60 ya ƙalubalanci bayanan in bai yarda da su ba. Kuɗin rajistar gidan zama riyal 125 ne a shekara, kuma a wuyan mai gida yake.

Maganar suna ita ce ta fi kayar da mutanenmu. Wani yana zaune a gidan da aka kama da sunan kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a zaman ƙasar, wani da sunan yayansa, wani kuma ya karɓi ɗaki biyu ne daga hannun wani ɗan hayar. A idon doka, wanda sunansa ke kan aƙad shi ne ɗan haya, kai baƙo ne, ko da kai ke biyan kowace halala, wato kobon riyal. Doka ba ta yarda ɗan haya ya ba wani haya ba sai da izinin mai gida. In haka kake zaune, duk matakan da ke tafe sai ta hannun mai sunan za su bi, don haka ka kyautata tsakaninka da shi, in kuma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, tana da rai ka nemi a mayar da aƙad da sunanka a sabuntawa ta gaba.

Mutanen Makka kuma su ƙara duba ranar ƙarewa da kyau. Akwai masu gidan da ke bayar da haya ta watannin da ba na aikin Hajji ba kawai, su karɓe gidan in lokacin alhazai ya ƙarato. In haka aka rubuta kuma ka amince, ba ka da ƙorafi a watan Zulƙida.

Mataki na biyu: gyaran nan na wa ne?

Ba kowane abu da ya lalace ne ke kan mai gida ba, kuma wanda ya je ofis yana faɗa a kan ƙwan fitila ya zubar da girmansa a banza, ranar da babbar magana ta taso ba za a ɗauke shi da muhimmanci ba.

Dokar mu'amalar jama'a, Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, wadda ta fara aiki a Disamba 2023, ta ɗora wa mai gida gyaran da ya zama dole don gidan ya ci gaba da amfanuwa. Aƙad ɗin Ejar ma haka ya raba: lalacewa ta asali, kamar yoyon ruwa a cikin bango ko rufi, ko tsagewar gini mai hatsari, ta mai gida ce. Abin da yau da gobe ke cinyewa saboda amfani, na ɗan haya ne: ƙwan fitila, kan famfo da ya sassauce, tiyon banɗaki, wanke matatar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, magudanar kicin da maiƙon girkinku ya toshe. Abin da kai ko yaranka kuka ɓata da hannunku, wannan babu musu naka ne.

Akwai wuraren da ake yawan jayayya. Na'urar sanyaya ɗaki in taka ce ka zo da ita, kai za ka ji da ita. In a gidan ka tarar da ita kuma an lissafa ta a cikin aƙad, mutuwar injinta ba irin gyaran yau da kullum ba ce, ka nemi mai gida. Haka tukunyar ɗumama ruwa. Abubuwan da kowa ke amfani da su kuwa, lif, tankin ƙasa da na sama, dinamon da ke tura ruwa, fitilun matakala, ƙofar waje, ba naka ba ne kai kaɗai balle a ce ka gyara.

Sai dai ka riƙe wannan: dokar ta bar ƙofa ga mai gida da ɗan haya su yi yarjejeniya saɓanin haka. Shi ya sa na ce ka fara da karatun aƙad. In an rubuta cewa kai za ka ɗauki wani gyara kuma ka danna amincewa, tun ran gini ran zane.

Mataki na uku: hoto, rubutu, wa'adi

Nan ne na faɗi, don haka nan zan daɗe.

Ranar da ka ga matsala, ranar za ka ɗauki hoto da bidiyo. Ka ɗauko daga nesa yadda za a gane ɗakin, sannan daga kusa. In yoyo ne, ka sake ɗauka bayan kwana biyu don a ga yana ƙaruwa. In ya ɓata maka kaya, katifa ko kabad ko buhun shinkafa, su ma ka ɗauke su. Gini da kaya za ka ɗauka, ban da fuskar mutane.

Ka faɗa wa haris, don shi ne a kusa kuma shi zai buɗe wa mai gyara ɗakin tanki. Amma ka sani maganar da ka yi da shi ba sanarwa ba ce. Shi ma ɗan aiki ne, ba shi da ikon fitar da riyal ɗaya, sau da yawa ma tsoron kai wa ofis mugun labari yake yi. Kada ka huce a kansa. Sanarwa ita ce saƙon da ka rubuta zuwa lambar da ke cikin aƙad, ta mai gida ko ta wakilinsa. Dokar shaida, Nizamul Isbat, da ta fara aiki a 2022, ta karɓi saƙonnin waya da imel a matsayin hujja, don haka saƙon WhatsApp ba wasa ba ne. Ka rubuta da Larabci, gajere, ba zagi ba magiya. Abin da zai ƙunsa kamar haka ne:

"Assalamu alaikum ya Ustaz. Ni ne ɗan haya a gida mai lamba kaza, imara kaza, aƙad mai lamba kaza. Tun ranar kaza ruwa ke zuba daga rufin kicin, ga hotuna. Ina neman a turo mai gyara cikin kwana uku. Ina gida kullum bayan la'asar."

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, domin amsar da aka fi ba mutum ita ce mun turo ba mu same ka ba. In sun kira ka a waya maimakon su rubuto, ka saurare su da ladabi, kana ajiye wayar ka tura saƙo: kamar yadda muka yi magana yanzu, kun ce mai gyara zai zo ranar Lahadi. Shi ke nan, maganar baki ta zama rubutu.

In wa'adi ya wuce shiru, sai saƙo na biyu, wanda shi ne gargaɗin da doka ke kira i'izar. Ka ambaci saƙon farko da ranarsa, ka ba da sabon wa'adi, ka ce bayan shi za ka bi haƙƙinka ta hanyar da doka ta tanada. Kada ka yi barazanar abin da ba za ka yi ba. Wa'adin ya dace da girman abin: wayar wuta da ke tartsatsi ba ta jiran mako guda, tayil da ya fashe a baranda kuwa zai iya jira.

In matsalar ta kowa ce, kamar lif da ya tsaya ko ruwa da ke yankewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta saƙo ɗaya, kowane gida ya tura daga lambarsa a rana ɗaya. Ofis zai iya kau da kai daga mutum guda, amma gida takwas da hayarsu ke gab da sabuntawa lissafi ne. A ginin da kowane gida da mai shi daban, doka ta ce in masu mallaka sun kai uku su kafa ƙungiyarsu, a yi mata rajista a dandalin Mullak, ita ke tara kuɗin kula da lif da tanki da tsabta. Kai ɗan haya ba mamba ba ne, mai gidanka ne mamba, don haka shi za ka matsa wa ya matsa musu.

Mataki na huɗu: in ka gyara da kanka

Doka ta ce in mai gida ya yi jinkiri bayan an gargaɗe shi, ɗan haya zai iya neman izinin kotu ya yi gyaran ya dawo wa mai gida da lissafi. In abin na gaggawa ne, ko ɗan ƙarami ne a al'ada, zai iya gyarawa ba tare da izinin kotu ba ya cire daga haya gwargwadon abin da aka saba biya, da sharaɗin ya gabatar da lissafin abin da ya kashe. Yana kuma da damar neman a rage haya ko a warware aƙad.

Wannan a takarda ke nan. Shawarata ita ce kada ka cire da kanka sai ka sami rubutacciyar amincewa. Dalili kuwa, Ejar adadin da ke cikin aƙad ya sani, in ka biya ƙasa da shi zai nuna ana bin ka bashi, kuma kai ne za ka koma kana bayani. Kafin gyara ka tura wa ofis ƙiyasin kuɗin, ka ce in ba su turo nasu ba zuwa gobe za ka sa a yi. Ka kira mai gyara daga shago mai rajista wanda zai ba ka fatura, wato takardar kuɗi, da sunan shagon da kwanan wata, ko da ya fi na bakin titi tsada da riyal hamsin. Ka ɗauki hoton wurin a buɗe kafin a rufe, ka ajiye bututun da aka cire.

Kuɗaɗen da ake ƙirƙiro maka

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk kuɗin da aka nema, ka ce a nuna maka inda yake a cikin aƙad. Amma bari mu bi su, don kowanne da irin tasa dabarar.

La'adar dillali, wadda ake ce wa sa'ayi. Dokar dillancin gidaje da ta fara aiki a 2023 ta sa ta kashi 2.5 cikin 100 na hayar shekarar farko kawai, sai in an rubuta wani abu daban a yarjejeniyar dillancin. Gidan riyal 24,000 la'adarsa riyal 600 ke nan. Wanda ya zo maka da la'ada a shekara ta biyu da sunan kuɗin sabuntawa, ka tambaye shi hujja. Dokar ta kuma ce wanda ya ƙulla yarjejeniya da dillalin shi ke biyansa, duk da cewa a kasuwa ɗan haya ake miƙa wa lissafin. Dillali kuma sai da lasisin Fal, kana da damar ka ce ya nuna maka. Kuɗin kamun gida, arbun, in ta hannun dillali ne, ba ya wuce kashi 5 cikin 100.

Harajin kaya da hidima, wanda ya koma kashi 15 cikin 100 tun Yuli 2020, ba ya hawa kan hayar gidan zama. Yana iya hawa kan la'adar ofis in ofishin yana da rajistar haraji, wato riyal 90 a kan 600 ɗin can. In ka ga an ɗora shi a kan hayar kanta, ka tsaya.

Wuta. In gidanka yana da mitarsa, ka tabbata an ɗaura ta da sunanka daga ranar da ka shiga, kuma ka ɗauki hoton lambar da take kai a ranar, don kada ka gaji bashin wanda ya fita. Inda rigima take shi ne mita ɗaya da gidaje da yawa, abin da ya yawaita a gidajen da aka tsaga babban gida aka mayar ƙanana. Farashin wutar gida halala 18 ne kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Ɗauki gida huɗu, kowanne ya sha 2,000 a watan zafi. Da kowa da mitarsa, jimillar kuɗinsu riyal 1,440 ne. A mita ɗaya kuwa sun sha 8,000, na farko 6,000 riyal 1,080, ragowar 2,000 riyal 600, jimilla 1,680, tun kafin a ɗora haraji. Riyal 240 sun tafi a wata ɗaya ba don wani ya ƙara kunna komai ba. Ga kuma gwauron da ke fita tun asuba yana biyan daidai da mai iyali goma. In a irin wannan gida kake, ka dage a riƙa turo muku hoton faturar kamfani kowane wata, a kuma rubuta yadda ake rabawa.

Ruwa shi ma yawanci mita ɗaya ce ga imara duka. Wasu aƙad suna yanka adadi tsayayye a shekara, wasu suna cewa a raba fatura. In naka tsayayye ne, ba a dawo maka da ƙari a tsakiyar shekara. In fatura ta yi tsalle ba dalili, a duba tankin ƙasa, sau da yawa shi ke tsiyaya, kuma gyaransa na mai gida ne. Motar ruwa, wayit, da ake kira in ruwa ya yanke, ita ma a san tun farko wa ke biya.

Kuɗin haris da na shara da na lif kuwa, in suna cikin aƙad ka biya ka kuma nemi aikin da ka biya dominsa. In ba sa ciki, abin da kake ba haris don ya wanke maka mota ko ya hau maka da tukunyar gas tsakaninku ne, kyautatawa ce, ofis ba shi da hurumin mayar da ita wajibi.

Kada ka riƙe haya

Wannan ita ce dabarar da zuciya ke fara kawo wa mutum, kuma ita ce mafi hatsari. Aƙad ɗin Ejar takarda ce ta zartarwa, sanad tanfizi. Ma'anarta mai gida ba ya buƙatar shari'a ya tabbatar yana bin ka, kai tsaye zai shiga dandalin Najiz na ma'aikatar shari'a ya kai ta kotun zartarwa, ita kuma za ta umarce ka da biya. In ka ƙi, maganar na iya kaiwa ga riƙe asusun banki da hana tafiya. Alƙalin zartarwa ba zaman sauraron labarin rufin kicin yake yi ba, wannan shari'a ce daban a kotu daban. Sai ka wayi gari kai mai gaskiya ka zama wanda ake nema.

Ka biya a kan lokaci, kuma ta cikin Ejar. Tun 15 ga Janairu 2024 aka taƙaita biyan hayar sababbin aƙad na gidajen zama ga hanyoyin dandalin, wato katin banki na Mada ko tsarin biyan kuɗi na Sadad da lamba 153. In ofis ya ce ka kawo tsaba ko ka tura asusun wani ma'aikaci za a yi maka ragi, ragin nan zai iya zame maka biya biyu.

Haka shi ma mai gida ba shi da ikon ɗaukar doka a hannunsa. Yanke maka wuta ko ruwa, ko canza makulli don ka fita, shiga haƙƙinka ne na amfani da gidan. In ya faru, ka ɗauki hoto, ka rubuta masa nan take, ka kai rahoto.

Mataki na biyar: wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa

Mutane na ɓata makonni saboda sun kai kuka inda ba a jin irinsa. In akwai hatsari ga rai, wuta ko gas ko mutum ya maƙale a lif, jami'an kashe gobara da ceto ne, 998, ko 911 a yankunan Makka da Riyad. In kwata ce ta fashe tana malala a titi, ko shara, ko an tsaga gini ba izini, baladiyya ce, wato hukumar birni, 940 ko manhajar Balady. In matsalar daga layin kamfanin wuta ne, 933. In kuma dillali ne ko ofis ya karɓi abin da ya wuce ƙa'ida, ko ya ƙi yin rajista, ko yana aiki ba lasisi, Hai'atul Aƙar ce, ta shafinta ko 199011.

Rigimar kuɗi da gyara tsakaninka da mai gida kuwa, fara da sulhu. Ma'aikatar shari'a tana da dandalin Taradi, inda mai sulhu zai haɗa ku ta waya ko bidiyo, in kun daidaita a rubuta takarda, ita ma takardar zartarwa ce, ba a warware ta da baki. Na fi son wannan hanya ga mai ƙaramin ƙarfi, don yawancin rigimarmu ba ta wuce riyal dubu ɗaya ko biyu ba, kuma ofis da ya ga an kira shi a hukumance yakan sauko. Akwai kuma cibiyar sasanta rigingimun gidaje a ƙarƙashin Hai'atul Aƙar. In duk ba su yi ba, sai ƙara a babbar kotu ta Najiz. Ka yi lissafi kafin ka shiga, domin tun 2022 akwai kuɗin shari'a da ke iya kaiwa kashi 5 cikin 100 na abin da kake nema. Ka tara komai a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata: aƙad, hotuna, saƙonni, fatura, shaidar biyan haya. Ka kuma faɗi abin da kake so a fili, a gyara ne, ko a mayar maka da riyal kaza, ko a rage haya, ko a sallame ka ka tashi. Wanda ya je yana cewa an zalunce ni kawai, ba a san me za a yanka masa ba.

Ƙofa ɗaya ce ba a bi: TikTok da Facebook. Na san daɗin ɗaukar bidiyon rufi yana zuba a ambaci sunan ofis a ce jama'a ku guje su. A nan ƙasar ɓata suna ta intanet laifi ne a dokar 2007, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara ɗaya da tarar riyal 500,000, kuma kasancewar abin da ka faɗa ya faru ba lallai ya cece ka ba. Ko a zauren WhatsApp na 'yan gari ka iya bakinka.

Ƙarin haya da sabuntawa

Ƙa'idojin Satumba 2025 sun ce a duk faɗin ƙasar aƙad yana sabunta kansa, sai in ɗayanku ya sanar da ɗaya aƙalla kwana 60 kafin ƙarewa cewa ba ya so. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Mai gida ba zai zo maka saura mako biyu ya ce ka tashi ba, kai ma in ka yi sakaci ka shiga sabuwar shekara a gidan da kake kuka da shi. Sa ƙararrawa a wayarka saura wata uku.

Mazauna birnin Riyad suna da ƙari: an dakatar da ƙarin haya na shekara biyar daga ranar, kuma mai gida ba zai ƙi sabunta maka ba sai in ba ka biya, ko ginin yana da lahani mai hatsari da rahoton masana ya tabbatar, ko yana son gidan don zaman kansa ko na ɗan'uwansa na jini mafi kusa. Tarar saɓa wannan tana iya kaiwa hayar wata 12. Dakatarwar ta Riyad ce, kada mutumin Jidda ko Madina ya je ofis yana kafa hujja da ita.

Ranar fita

Kuɗin ajiya, ta'amin, shi ne rigimar ƙarshe. Tsarin yanzu shi ne a rubuta shi a aƙad a ajiye shi ta Ejar, ba a aljihun ofis ba, kuma dandalin yana da takardar karɓa da miƙawa da ake cikewa ranar shiga da ranar fita. In ba ka cike ta shiga da kyau ba, duk tsagar da ka tarar a bango taka ce ranar fita.

Ka kwashe kaya, ka share gidan, ka toshe ramukan ƙusa. Ka kira wakilin ofis ku zagaya tare da rana, ba da dare ba, kana ɗaukar bidiyo ɗaki-ɗaki, famfo yana zuba, fitila tana kamawa. Dushewar fenti da tsufan da zama ke kawowa ba ɓarna ba ce, kada ka yarda a caje ka fentin gida duka saboda shekara uku sun nuna a bango. In sun ce akwai abin cirewa, su rubuta shi ɗaya-ɗaya da kuɗinsa. Ka biya faturar wuta ta ƙarshe, ka ɗauki hoton mita, ka tabbata an cire sunanka daga kanta. Makulli kuma kada ka bar wa haris ka wuce, ko da motar kaya tana jiranka a ƙasa tana ƙirga awa. Ka miƙa shi ga wanda zai rubuta maka cewa ya karɓa, da ranar, da adadin makullan.